Yadda Ake Karanta Lambar Mota a Arewacin Kamaru, da Gane Motar Gwamnati

Wata ranar Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, wata farar fikof ta gogi ɗan yayata a kan babur, a hanyar komawa Garwa, ta wuce ba ta tsaya ba. Allah ya taƙaita, karaya ce a hannu. Da muka isa wurin, mutum uku suka rantse mana cewa motar gwamnati ce. Na tambaye su da me suka gane, suka ce ai fara ce, sabuwa, kuma gudu take yi. Wani yaro mai sayar da ruwa shi kaɗai ya kalli lambar, ya ce da harafin C ta fara, na biyun ne bai kama ba. Harafin nan guda da ya kuɓuce masa shi ne duk maganar. In A ne, motar hukuma ce, akwai ofishin da za a je a tambaya. In E ne, motar wani ce da aka yi wa rajista a jihar Tsakiya, wajen Yawunde. Har yau ba mu san wace ce ba, kuma mu muka biya kuɗin ɗori.

Tun daga ranar na sa kaina koyon karatun lamba, nake kuma koya wa yaran gida da 'yan babur na unguwarmu. Abin ba shi da wuya, sai dai yana son a bi shi daki-daki, ido ya saba da inda zai fara sauka.

Mataki na farko: launi da tambarin hagu

Kafin ka karanta ko harafi ɗaya, dubi launin allon. Motar gida da ta haya a Kamaru allonsu ruwan lemo ne, rubutun baƙi. Wannan shi ne abin da za ka gani a kan mafi yawan motocin da ke bin titi, daga taksi zuwa tirela. In ka ga allo mai wani launi daban, to ɗayan biyu ne: ko motar tana da wani matsayi na musamman, ko kuwa ba ta ƙasar nan ba ce.

A gefen hagu na allon akwai tambarin CEMAC, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Tsakiya, wadda ta haɗa ƙasashe shida: Kamaru, Chadi, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Kwango Brazzaville, Gabon da Gini Ikwatoriya. Tare da tambarin akwai haruffan ƙasa. Namu CMR ne. Kada ka raina wannan gefen, domin a Kuseri ko Tuboro motocin ƙasashe biyu ko uku ne ke cakuɗe a tasha ɗaya, kuma tambarin iri ɗaya ne, haruffan ne ke raba su.

Matsalar launi ita ce ƙura. Lokacin hunturu, ko bayan mota ta sha jar ƙasar hanyar Tibati da Banyo, kowane allo ja-ja yake komawa. Don haka launi ishara ce ta farko kawai, hukunci yana wajen haruffa.

Mataki na biyu: haruffa biyun farko

Kamaru tana da jihohi goma, kowace da haruffanta biyu, kuma su ne ke buɗe lambar motar gida. Namu na arewa uku ne. AD ita ce Adamawa, mai hedikwata a Ngawundare. NO ita ce Arewa, mai hedikwata a Garwa. EN ita ce Arewa Mai Nisa, mai hedikwata a Marwa. Dattawa suna tuna lokacin da duk ukun lardi ɗaya ne da ake mulki daga Garwa, kafin a raba shi uku a 1983. A 2008 kuma aka daina kiransu larduna aka koma kiransu jihohi, amma iyakokin ba su canja ba.

Haruffan na jiha ne gaba ɗayanta, ba na gari ba. Motar da aka yi wa rajista don mutumin Gidar, ko Figil, ko Poli, ko Chollire, duk NO za ta ɗauka. Ta Mokolo, Mora, Yagwa, Kaele da Kuseri duk EN ce. Ta Meiganga, Tibati, Banyo da Tinyer duk AD. Mutanenmu da suka saba da lambar Najeriya sukan nemi sunan ƙaramar hukuma a jiki, ba za su samu ba.

Sauran bakwai ɗin su ne: CE ta Tsakiya, inda Yawunde take, LT ta Gaɓar Teku, inda Duwala take, ES ta Gabas, hedikwatarta Bertuwa, OU ta Yamma, hedikwatarta Bafusam, SU ta Kudu, hedikwatarta Ebolowa, NW ta Arewa Maso Yamma, wato Bamenda, sai SW ta Kudu Maso Yamma, wato Buweya. Takwas daga cikin goman an ciro su ne daga sunan jihar da Faransanci, shi ya sa Yamma ta zama OU. Biyu na ƙarshe kuwa, jihohin masu magana da Ingilishi, an bar musu harafin W na Ingilishi.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen masu kama da juna. NO da NW duk da N suka fara, amma tsakanin Garwa da Bamenda tafiyar fiye da yini ce. EN da ES haka, ɗaya Marwa ɗaya Bertuwa. SU da SW su ma. Garin Garwa-Bulai kuma, duk da sunansa, a jihar Gabas yake, saboda haka lambarsa ES ce. Ka koyi furta haruffan biyu tare kamar suna ɗaya, kada ka ce "ta fara da N" ka tsaya.

Akwai kuskuren da nake so mu daina, domin yana jawo zato mara kyau. Lambar jiha tana faɗin inda aka buɗe wa motar fayil ne, ba ta faɗin inda mai ita yake zaune, balle ƙabilarsa. Motocin hannu da ake shigowa da su daga Turai galibi a tashar jiragen ruwa ta Duwala suke sauka, da yawa a can ake yi musu rajista kafin su hau arewa. Shi ya sa za ka ga Alhaji haifaffen Marwa, wanda kakanninsa ma a can aka binne su, yana jan mota mai LT shekara da shekaru. Manyan kamfanonin sufuri da masu tireloli su ma sau da yawa a Duwala ko Yawunde suke da rajista. In aka yi ɓarna aka ga LT, kada a ce "baƙo ne daga kudu". Abin da aka sani kawai shi ne a wace jiha za a nemi fayil.

Mataki na uku: sauran lambar

Bayan haruffan jiha sai alkaluma, sai haruffan jeri. Tsofaffin motoci suna da alkaluma huɗu da harafi ɗaya, kamar NO 1234 A. Na baya-bayan nan alkaluma uku ne da haruffa biyu, kamar NO 123 AB. Haruffan ƙarshen nan su ne mutane suka fi mantawa, alhali ba tare da su ba lambar ba ta cika ba, domin alkaluma ukun nan suna maimaituwa a kowane jeri.

Wasu ababen hawa suna da ƙarin haruffa biyu nan da nan bayan na jiha. TR na kan tirela ne, SR na bodin da yake ja, MT na babur. Wannan yana da amfani ƙwarai a babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Ngawundare, Garwa, Marwa har Kuseri. Jirgin ƙasa a Ngawundare yake tsayawa, daga nan kayan Chadi a tirela suke tafiya. Kan tirela da bodinta kowanne da lambarsa, kuma ana iya sauya musu abokin tafiya. In ka ba da kaya a tasha, rubuta duka biyun, ta gaba da ta baya.

Mataki na huɗu: motar hukuma

Nan ne ya kamata a natsu. Motar gwamnati ba ta ɗaukar haruffan jiha. Motar ofishin gwamna a Marwa ba EN take sa wa ba, ta asibitin gwamnati a Ngawundare ba AD ba. Lambarsu tana farawa da CA, wato Corps Administratif da Faransanci, ma'ana rukunin hukumomin mulki, kuma allonta ba ruwan lemo ba ne irin na motar gida. Ita ce za ka gani a motocin ma'aikatu, da na masu mulkin yankuna irin su firefe da sufirefe, da na wakilan ministoci a jihohi. Lambar ba ta gaya maka wace ma'aikata ce, ba ta kuma gaya maka wane gari. Wannan sai ka duba jikin ƙofa, inda sau da yawa ake rubuta sunan ma'aikatar ko a manna tambarinta.

To ga tarkon da ya ci mu a hanyar Pitowa: CA da CE. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma motocin CE suna da yawa a arewa, tunda ma'aikatan da aka turo daga Yawunde da motocinsu na kansu suke zuwa. Ma'aikacin gwamnati a cikin motar CE yana cikin motarsa ce ta gida. In ya yi karo da kai, maganarku ta mutum biyu ce da kamfanin inshorarsa. Hanyar rabewa mafi sauƙi ita ce ka haɗa harafi da launi: C a kan ruwan lemo, Tsakiya ce.

SN ta 'yan sanda ce, daga Sûreté Nationale. Kada ka haɗa ta da SU ko SW. AN ta Majalisar Dokoki ce, ita ma tana iya rikicewa da AD ko EN in mota na gudu. Motocin soja da na jandarma kuwa tsarinsu daban ne: alkaluma ne a jere ba haruffan jiha, galibi da launukan tutar ƙasa a gefe.

Ina roƙon matasa da abu ɗaya a nan. A jihar Arewa Mai Nisa, musamman wajen Mora, Kolofata da Fotokol, inda aka daɗe ana fama da Boko Haram, kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton motar soja ko shingen bincike don kana son lamba. Za a iya yi maka fassarar da ba ka nufa ba. Kalla da ido, riƙe a ka, rubuta bayan ka bar wurin.

Sai motocin baƙin ƙasashen waje masu koren allo. CMD ta jakada ce, CD ta ma'aikatan jakadanci, CC ta ƙaramin ofishin jakadanci. Akwai kuma IT, ta motocin da aka shigo da su na wucin gadi ba tare da biyan cikakken kuɗin kwastan ba, irin na wasu ayyukan raya ƙasa da ƙungiyoyin agaji. A Marwa da hanyar sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo farare manyan motoci masu dogon eriya sun yi yawa, mutane kuma duk "gwamnati" suke ce musu. Da yawansu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ko na ƙungiyoyi masu zaman kansu.

Abubuwan da ba sa mai da mota ta gwamnati suna da yawa, kuma su ne ke ruɗin mutane: farin fenti, baƙin gilashi, jiniya, ƙaramar tuta a gaban direba, hular soja da aka ajiye a bayan gilashi, takardar da aka liƙa mai cewa an ba da izinin wucewa. Duk waɗannan kowa na iya samu. Allon da aka rubuta sarauta a kai, na fadar lamiɗo ko na wani mai riƙe da muƙami, girmamawa ce, muna kuma girmama shi, amma motar tana da lambar rajistarta a takarda, ita ce hukuma ta sani.

Haka kuma lambar CA ta gaskiya ba ta ba duk wanda ke ciki ikon kama mutum ko karɓar kaya. Tana nuna mai motar ne, wato hukuma. In wasu suka sauko daga irin wannan mota da kayan gida suka ce za su tafi da kai ko da hajarka, yi musu magana da ladabi: "Ranka ya daɗe, daga wane ofishi? A nuna mini katin aiki da takardar da ta aiko ku." Ma'aikacin ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya. Ka sa wani na kusa ya rubuta lambar a gabansu, ka kuma nemi a je ofishin da rana, da rakiyar ɗan'uwa ko mai unguwa.

Lambar CH

Wannan tana buƙatar bayani nata na kanta. Za ka ga mota da allo mai CH sai alkaluma. Babu jihar da ake kira CH, babu kuma hukumar da ke da waɗannan haruffa. Daga kalmar shasi, wato ƙarfen da gangar jikin mota ke zaune a kai, aka ciro su, alkaluman kuma na ƙarshen lambar shasin motar ne. Ma'anarta motar ba ta da rajista tukuna, mai ita ne ya je aka buga masa allo. Ma'aikatar Sufuri ta sha yin gargaɗi a kan yawo da irin wannan lamba. Wasu suna ganinta a kan manyan motoci masu tsada sai su ɗauka ta manya ce, su ba da hanya. A ganina ita ce lambar da ta fi cancantar a yi hattara da ita, domin in ta buge ka ta gudu, babu fayil a ofishin sufuri da zai kai ka ga mai ita kai tsaye. Kuma kada a ɗauka CH tana nufin Chadi.

Motocin maƙwabta

Lambar Chadi da alkaluma take farawa, ba da haruffa ba. Biyun farko na yankin rajista ne, kuma wadda za ka fi gani a gadar Ngeli da hanyar Kuseri ita ce 18, ta birnin Njamena. Motar gwamnatin Chadi AP take ɗauka. Ta Najeriya kuwa, wadda ke shigowa ta Banki da Amchide, ko ta Gamboru da Fotokol, ko ta ɓangaren Mubi da Yola, farin allo ne da sunan jiha a sama. A can launin rubutu ne ke magana: shuɗi motar gida, ja ta haya, kore ta gwamnati. A lura, jihar Adamawa biyu ce, tamu da ta Najeriya. In kana ba da rahoto, faɗi wacce kake nufi.

Mataki na biyar: haɗa allo da takarda

Allo ƙarfe ne, ana kwance shi da sukurdireba cikin minti biyu. In za ka sayi mota ko babur, ko za ka ɗora kaya masu daraja, karatun allo bai isa ba.

Karɓi kat giriz, takardar rajistar da ofishin sufuri ke bayarwa, ta asali ba hoto ba. Duba lambar da ke ciki ta dace da allon gaba da na baya. Sannan nemi lambar shasi a jikin motar. A motocin zamani haruffa da alkaluma 17 ne, babu I, babu O, babu Q a cikinsu, don kada su rikice da 1 da 0. Ana samunta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko a ginshiƙin ƙofa, ko an buga ta a kan ƙarfen shasi. Goge wurin da tsumma, ka karanta ɗaya bayan ɗaya, wani yana bin takarda da yatsa. In ka ga alamar walda, ko guga, ko sabon fenti a daidai wurin kaɗai, ajiye cinikin.

Duba sunan da ke kan takardar. In ba na mai sayarwa ba ne, sai ya kawo takardar cinikin da ta nuna yadda motar ta zo hannunsa, wadda hukuma ta buga wa hatimi. Mu nan muna da al'adar saye da amana, mota ta wuce hannu huɗu tana ɗauke da sunan mutumin farko. Ranar da aka yi hatsari ko aka kama ta da wani abu, wanda sunansa ke takarda shi za a fara nema, kai kuma da ka biya kuɗi ba ka da hujjar cewa taka ce. Je ofishin sufuri a mayar da ita sunanka. Duba inshora da takardar gwajin lafiyar mota, duk su ɗauki lamba ɗaya. In motar za ta tsallaka Chadi, tambayi kamfanin inshora katin CEMAC mai ruwan hoda.

In aka ce maka tsohuwar motar gwamnati ce da aka yi gwanjonta, nemi takardun gwanjon da shaidar biyan kuɗi, kuma a yi mata sabuwar rajista ta gida. Wanda ya ce ka bar lambar CA a jiki don jandarma su riƙa ɗaga maka hannu, rami yake haƙa maka. Mota mai IT ita ma akwai maganar kwastan a kanta, sai an warware kafin ta zama taka.

In abu ya faru a gabanka

Daƙiƙa uku ko huɗu kake da su. Fara da haruffa biyun farko, faɗe su da ƙarfi don na kusa da kai su ji. Sai alkaluma, sai haruffan ƙarshe. In ku biyu ne, ɗaya ya kama farko ɗaya ya kama ƙarshe. Rubuta nan take, ko a ƙasa da tsinke, ko ka buga a waya kamar za ka yi kira. Bayan haka ƙara launin allo, irin motar, launinta, rubutun ƙofa, inda ta nufa da lokaci. Abin da ba ka gani ba kada ka cike shi da zato. Gara ka ce wa jandarma "C na gani, allon ruwan lemo, ƙarshen alkalumanta 7" da ka ba da cikakkiyar lambar da rabinta ƙirƙira ce, a je a kama wanda bai ji ba bai gani ba.

Lambar kiran 'yan sanda 117 ce, ta jandarma 113. A cikin gari komisariya, wato ofishin 'yan sanda, za ka je, a ƙauye da kan babbar hanya birgad ɗin jandarma. Tafi da wanda ya gani da idonsa, da takardar asibiti in akwai rauni, ka kuma riƙe kwafin abin da ka rubuta a wurinka.

Don ido ya saba, zauna da yara a bakin titi bayan la'asar, kowace mota ta wuce wani ya faɗi jiharta, wani ya faɗi ƙarshen lambarta. A gidanmu mako biyu aka yi ana wannan, yanzu ƙaramarsu mai shekara tara tana rabe CA da CE tun motar tana nesa.